Iddar Inde Mai Banda

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a bakin tabkin Madarumfa ya san Inde mai banda, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar nan mai jajayen idanu wadda hayaƙi ya cinye wa gashin gira, wadda in ka yi wa kifinta tayin wulaƙanci sai ta janye farantin ta ce ga tabki nan, ka shiga ka kamo naka. Ba ta da fara'a, kuma babu dalilin da zai sa ta yi. Mutanen unguwarsu sun iya zama a inuwa su auna rayuwar mace da ido, tata kuwa sun fi shekara suna aunawa, har sallarta sai da suka ƙidaya.

'Yar masunta ce. Tun ba ta kai tsawon murhu ba uwarta ta koya mata yadda ake fasa tarwaɗa, a lanƙwasa ta, a soke wutsiyar da tsinke, a jera a kan raga, a kashe harshen wuta har ya koma hayaƙi zalla. Tana da shekara goma sha bakwai ta auri Illo, mai garkar tumatir da salati a gefen tabki. Ita ta ce tana so, ba wanda ya tura ta, kuma wannan ne ya fi ci mata rai daga baya. Illo ba ya duka, ba ya shaye-shaye, a sahun farko yake salla. Abu biyu ne kawai gare shi, rowa da baki. Mutum ne da zai leƙa tukunya ya ga man da aka zuba a miya, ya tambaya ko biki ake yi. Sun haifi biyar, biyu suka rayu, duka mata, ɗaya tana aure a Gabi, ɗaya a Ɗan Issa. Shekara ashirin da biyu yana tuna mata gidansa babu namiji, sai ka ce a kasuwa ake sayowa ta ƙi zuwa.

Abin ya fara mata tana da shekara talatin da bakwai. Tana tsaye sai zafi ya taso mata daga ƙirji, ya hau wuya, ya cika fuska, gumi ya karyo kamar an watsa mata ruwa. Ta ɗora laifin a kan murhu, don mai banda ba ta mamakin gumi. Sai ya same ta wata safiya cikin sanyi a bakin rijiya, babu wuta ko ta ashana a kusa. Barci ya ƙaurace mata. Zuciyarta ta yi kusa, kaza ma in ta gitta sai ta sha zagi. Al'adarta da ke zuwa a kan lokaci tun tana budurwa ta fara yi mata wasa, wata biyu shiru, sannan ta ɓalle da yawa, sannan ta sake ɓacewa.

Wanda ba ya faɗuwa shi ya fi tsanani. Gabanta ya bushe. Ga ƙaiƙayi, ga raɗaɗi in ta yi fitsari, in kuwa Illo ya neme ta sai ta ji kamar ana goga mata yashi a kan miki, ta kwana biyu tana tafiya a tattale. Ta daure wata da watanni tana cizon bakin zane. Ranar da ta buɗe baki ta ce masa akwai ciwo, bai tambaye ta ina ne ba. Ya saka takalmi ya tafi ya gaya wa yayarsa Kulu.

Kulu ita ce likitar matan unguwa, ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Ta zo da ƙullin bagaruwa da sabulu mai ƙamshi, ta dire a gaban Inde tana yatsina.

"Sanyi ne da ƙazanta," in ji ta. "A tahwasa wagga, ki zamna ciki sahe da marece. Ki wanke har can ciki da sabulun ga. Mace ba ta bushewa haka nan banza, sai in ita ta saki kanta."

Inde ta yi yadda aka ce, don ba ta san wata hanya ba. Kullum wurin ƙara tsagewa yake, har ta fara ganin ɗigon jini a zane. Ranar da ta ce wa Illo a'a, karo na farko a aurensu, washegari ya tsaya a tsakar gida da rana tsaka, murya sama yadda maƙwabta za su ji da kyau. Ya ce ta zauna da kifi har ta zama kifin, ƙeƙasasshiya, babu abin da ya rage a jikinta sai ƙauri. Ta ce to ya sauwaƙe mata. Ya ce ya sake ta, saki ɗaya. Ba ta jira ya huce ba, ta kira amalanke ta ɗora kayanta da ragar banda, ta koma gidan wanta Zakari. Kwana uku tana jin jikinta sakayau kamar ta sauke tulu.

Sai dai saki ɗaya igiya ce mai tsawo. Muddin mace ba ta ga jini na uku ba tana cikin idda, kuma mijin yana iya buɗe baki ya ce ya mai da ita, ko tana so ko ba ta so. Ga sauran mata wata uku ne a gama. Inde ta ga na farko bayan kwana arba'in. Na biyu ya ja mata rai, sai ana jibi Layya ya zo, ta yi wanka a rana ta uku ta salla ana suyar nama. Ta wanke ƙyallayenta, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin matashi tana jiran na ƙarshe. Daga nan sai shiru.

Rashin sa'arta, gidan Kulu yana jikin gidan Zakari, zana ɗaya ce tsakani, kuma zanar tana da ɓula daidai tsawon idon Kulu. Ta san lokacin da Inde ke ɗaukar buta, ta san abin da aka shanya a igiya da abin da ba a shanya ba. Wata biyu, wata uku, wata huɗu, ba ta ga Inde ta yi fashin salla ko sau ɗaya ba. Sai ta ɗauki gyale ta zaga unguwa da albishir. Ciki ne, na ƙaninta, kwantacce. Jinin nan biyu da ta zubar su suka kwantar da shi, zafin murhu kuma ya hana shi tashi. Ga gumi, ga fushi, ga rashin barci, ai duk alamun ɗa namiji ne. Matan bakin rijiya suka karɓa da hannu biyu. Wasu suka ce na Illo ne, wasu suka ce a dai tambayi direbobin da ke sayen banda.

Ita kanta Inde ta fara kokwanto. Takan ɗora hannu a mara in ba kowa, kuma ba ta san abin da take roƙo ba. A wata na biyar ta cika kwando da banda ta ce za ta kai Maraɗi, ta sayar, ta zarce asibiti. Ungozomar da ta duba ta, wata gajera mai suna Habiba, ba ta iya lallashi ba.

"Wa ya ce ki riƙa sa wannan abu? Kin ga yadda kika yi wa kanki kuwa?"

Aka gwada fitsari, aka shafa mata mai a ciki aka yi hoto. Habiba ta juyo da allon ta nuna mata.

"Ba komi, Yaya. Ba kwantacce, ba tsayayye. Al'adarki ce ke shirin tahiya. Wasu sai sun kusa hamsin, wasu tun kahin arba'in take hwara musu haka. Zahin nan da bushewar duk tahiyarsu ɗaya. Ba ƙazanta ba ce, kuma ba laihinki ba ne. Ki bar bagaruwa, ki bar sabulu, ruwa zalla, daga waje kawai."

Ta rubuta mata wani mai na shafawa, ta ce ta dawo a sake dubawa. Inde ta ce a rubuta mata sakamakon hoton a takarda, a buga hatimi. A cikin mota tana komowa ta rufe fuska da gyale ta yi kuka. Rabin kukan na ɗan da ba ta san tana jira ba ne sai da aka ce babu shi. Rabin kuma baƙin ciki ne tsantsa, na shekara biyu da ta yi tana dirzar jikinta saboda an ce mata ƙazama.

Washegari ta je zauren Malam Yusuf, limamin unguwa, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta faɗa masa komai, kanta a ƙasa. Malam ya ce macen da jininta ya ɗauke, ba ciki ba shayarwa, shekara guda take ƙirgawa daga ranar tsarkinta na ƙarshe, wata tara da wata uku. In jini ya zo kafin nan, ta fita. In kuwa ciki ne, sai ta haihu, ko da zai kai shekara huɗu ko biyar. Inde ta lissafa da yatsu a kan gwiwa. Rana ta uku ta Layya mai zuwa, saura wata bakwai. Ta roƙi Malam ya bar maganar a zaure.

Ta san mutumin da ta aura. Illo ya riga ya faɗa a majalisa cewa ba ta fita hannunsa ba, kuma ya san da bandarta aka riƙa cefanen gidansa. Abin da ya hana shi mai da ita shi ne cikin nan na Kulu. Tunda sai ta haihu za ta fita, saurin me zai yi? Zakari ya ciyar, shi Illo ya karɓi ɗa in cikin ya tashi. Ranar da ya ji babu ciki kuma akwai wa'adi, a ranar zai furta. Don haka ta ninke takardar ta cusa cikin ƙyallayen nan, ta ja bakinta ta rufe. Ba ta taɓa ce wa kowa tana da ciki ba. In an tambaye ta sai ta ci gaba da juya kifi.

Wata bakwai ɗin nan ba su da daɗin faɗa. Kulu takan shigo ba sallama da kwanon jiƙo na tayar da ciki, ta tsaya sai Inde ta kurɓa, ragowar kuma bayan murhu yake ƙarewa. Takan danna mata mara da yatsu masu ƙarfi ta ce ta ji kan. Illo yakan aiko da tumatir ɗin da ya kwana uku bai sayu ba, wai na yaro ne. Zakari ya gaji da surutu, kullum sai ya ce ta rufa masa asiri ta koma ɗakinta. Wata mata ta fasa sayen kifinta a gaban mutane, ta ce ba ta cin abin hannun wadda ba a san uban cikinta ba. Azumi ya zo, Inde ta yi talatin cif ba ta sha ko ɗaya ba, Kulu ta ƙirga. Abu ɗaya ne ya yi sauƙi, tun da ta bar bagaruwa take shafa man nan, raɗaɗin ya lafa, har takan zauna a kan kujera kamar kowa. Bayan azumi ta koma wurin Habiba aka sake hoto, takarda ta zama biyu. Kowace safiya takan duba zanenta, kowace safiya babu komai.

Saura kwana huɗu Layya, hadari ya fara haɗuwa a gabas, Kulu ta shigo tana washe baki.

"Ki shirya. Ƙanena ya ce ran jajibiri zai mai da ke. Damana ta kama, ba mai kai mishi hura gona, ga rago ba mai gyara kayan ciki."

Inde tana riƙe da wuƙa a kan tarwaɗa, sai zafin nan ya taso ya rufe ta har kunne. Kwana uku kacal tsakanin jajibiri da ranar da take jira. Ta yi tunanin ta ce jini ya zo. Amma sai ta ajiye salla da gangan, sai kuma Kulu ta ce a nuna mata ƙyalle, ita kuwa ba za ta yi wa Allah wayo ba don ta kuɓuta daga Illo. Ta share fuska da gefen zane, ta ci gaba da fasa kifinta.

"To, madalla, Yaya Kulu. Ki ce mishi ya taho da zanen salla, turmi guda, da kallabi da takalmi. Matar da anka mai da cikin kwanakkin salla ba ta shiga gida da tsumma, kowa ya sani. Ko ran suya ya zo, salla ce. In ba haka ba ni kau sai na bi gari da wanga zane ina hwaɗin matar wa ce."

Kulu ta ja tsaki ta fita. Kafin la'asar amsa ta dawo. Illo ya ce ya yi tunani, kwanakin salla hidima ta yi yawa, a bari su wuce. Zai zo a rana ta huɗu.

Kwana ukun nan Inde ba ta ci naman kirki ba. Duk sallamar namiji a ƙofar gida sai ta kasa kunne, don kalma ɗaya ce, a ko'ina yana iya furta ta. Ta soya naman Zakari, ta raba na maƙwabta, tana kallon inuwar bango. Da rana ta uku ta faɗi ta yi alwala ta yi magariba, ta daɗe a kan tabarma ba ta tashi ba.

A rana ta huɗu da hantsi Illo ya iso cikin tsohuwar rigarsa ta salla, ya zo da Malam Yusuf don shaida. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, Zakari ya zauna, masu wucewa suka rage sauri. Kulu tana tsaye a bakin zana.

"Malam, ka shaida," in ji Illo. "Na mai da matata."

Inde ta fito da gyale, takardu biyu a hannu, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Malam, a tambayi Yaya Kulu yaushe na yi wankan tsarki na ƙarshe. Ta hi ni sani."

Kulu ta zaci hujjar cikinta ake nema, ta matso da ƙarfinta.

"Ran suyar nama, bara, da hantsi! Da idona na gani. Tun daga nan ba ta sha salla ko guda ba, azumi talatin ta yi. Ni ce shaida, ko gaban alƙali!"

"Shekara ke nan da kwana guda," in ji Malam a hankali.

"Shekara mi?" Illo ya ɗaga murya. "Ciki gare ta, kwantacce. Sai ta haihe mini abina."

Illo ya yi lakwal, makarantar boko, shekara shida, kuma babu wanda bai gaya wa ba. Inde ta miƙa wa Zakari takardun, Zakari ya miƙa masa. Ya karanta ta farko leɓunansa suna motsi, ya karanta ta biyu, ya koma ta farko. Kulu ta ce injin nasara ba ya ganin kwantacce. Malam bai kula ta ba, ya tambayi Inde ko tana jin motsi ko nauyi a cikinta. Nan ne wurin da ta yi wata bakwai tana tsoro, don maganar da ba ta iya gaya wa 'ya'yanta ba ita za ta faɗa a bakin titi, gaban maza, gaban matan da suka leƙo ta kan zana. Ta ɗaga kai.

"Ba motsi, Malam. Ba ciki ba ne, bai taɓa zama ciki ba. Jinina ne ya tahi. Na gama haihuwa."

Malam ya ce a wannan magana mace ake gaskatawa. Idda ta cika jiya, mayarwar yau ba ta hau ba. In Illo yana so, sai ya nema kamar kowane baƙo, kuma sai in ta yarda.

Illo ya miƙe, ya watsar da takardun a ƙasa.

"Tsohuwa! Ashe tsohuwa nike wa aiken tumatir! Ki zamna nan ki ruɓe, mu ga wanda zai kwashe ki."

Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. Ta tsince takardunta, ta kakkaɓe ƙasar, ta dube shi.

"Illo," ta ce. Kowa ya juyo. "Turmi guda ne, Illo. Da ka saya, da yanzu ina gidanka."

Wani daga cikin masu kallo ya kasa riƙe dariya. Inde ba ta jira ta ga fuskar Kulu ba, ta shige gida.

Kafin azahar labari ya kai bakin tabki, kuma ba labarin turmin zane ne ya fi tafiya ba. Cewa aka yi Inde ta ƙare, ga shi da ƙyar ta kai arba'in. Matan da suka ce cikin shege gare ta su ne suka fara ce mata Kaka, suna gaishe ta da ladabin ƙarya. Har yau haka wasu ke kiranta, kuma har yau in zafin ya taso mata a gaban masu saye akwai wadda za ta zunguri ƙawarta.

A ranar dai, da ta shiga ɗaki, ta ɗaga matashi ta ciro ƙyallayen nan da ta ninke tun bara. Tsaf suke, har sun yi layin ninki. Ta kai su bayan gida ta tona rami ta cinna musu ashana, ta tsuguna tana kallo har suka cinye, hawaye yana bin fuskarta, ba ta share ba, ko da ta san akwai ido a jikin zana. Ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe tokar. Sannan ta wanke hannu ta ɗauki kwando, don masunta sun fito tun ɗazu kuma tarwaɗa ba ta jira.